Hasken da Bai Iso Shagona Ba

Shago goma sha biyu ne a jerenmu, duk a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya mai tsawon mita arba'in da 'yan kai. Na farko na Mai katifa ne, wanda muke kira Ciyaman saboda shi ya naɗa kansa kuma babu wanda ya samu sukunin sauke shi. Na ƙarshe nawa ne. A nan nake ɗinki shekara tara ke nan, ni da kekuna biyu da teburin yanka, daf da inda indararon rumfar yake zubar da ruwa.

Abin ya faro ne daga jeren shagunan da ke tsallaken titi. Sun liƙa wa rumfarsu fitilar LED ɗin nan mai kama da tef ɗin awo, wadda ake sayowa a naɗe a warware ta a manna. Da rana ta faɗi sai gabansu ya yi fes, mu kuwa kowa da ɗan ƙwan fitilarsa a bakin ƙofa, wani fari, wani ruwan ɗorawa, wani ma ya mutu tun bara. Kwana uku Ciyaman yana tsayawa bakin titi, hannu a ƙugu, yana kallonsu kamar sun zage shi. A rana ta huɗu ya kira taro.

Ya gayyato Baba Mai wayarin, dattijon da ya ja wutar shagunan nan tun ana ginin su. Baba ba ya sauri a komai. Ya bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan da tef ɗinsa, yana shafa ƙarfen da yatsa yana duba dattin da ya kwaso. Sannan ya yi mana bayani. Ya ce wuta ba ta iya bin siririyar fitila irin wannan har mita arba'in ba ta gaji a hanya ba. Sai an yanka fitilar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a kai mata wutarta da waya mai kauri, a raba ƙananan taransifoma huɗu a tsawon rumfar. Ya ce gam ɗin da ke bayan fitilar ba ya riƙe ƙarfen da rana ke dafawa kullum, don haka sai an ɗaure siririn kwararon alminiyam da sukuru, fitilar ta kwanta a ciki. Aikin kwana biyar ne, in ji shi, in kayan sun zo a kan lokaci.

Da Ciyaman ya ji kwana biyar sai ya ɓata rai, kamar a cikin kwanakin nan biyar ne duniya za ta daina kwanciya a katifa. Aka tashi a kan za a sake zama.

Kuskurena shi ne ba da labarin a gidan Mama, a gaban ƙanena.

Ƙanen nan nawa shekararsa talatin da huɗu. Tun yana firamare ake ce masa Injiniya, ranar da ya kwance rediyon babanmu ya mayar, aka sami sukuru shida a tabarma, rediyo kuma bai sake magana ba. Mu da tsiya muka sa masa sunan, shi kuma ya riƙe shi da gaske. Ya taɓa gyaran wayar hannu wata uku. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka riga shi gajiya. Ya taɓa sayar da turare, ya shafe rabi a jikinsa. Har gobe yana ɗakin ƙofar gida a wurin Mama, da matarsa da 'ya'ya biyu, kuma a idon Mama sa'a ce kawai ba ta zo ba tukuna.

Ina cikin labarin sai na ga ya ajiye cokali. Ya ce aikin nan ai wasan yara ne, ya kalli yadda ake yi a waya ya fi sau ashirin, tsohon nan so yake ya ja kwanaki kawai. Na ce masa ya ci abincinsa. Washegari da sassafe Mama ta kira ni. Ta ce jinina ne, in ban ɗaga shi ba wa zai ɗaga shi, ta ce ko so nake a ce yayarsa na da bakin magana a wurin amma aikin ya tafi hannun bare. Ta ambato babanmu da ya rasu. Daga ƙarshe sai ta yi ɗan tarin nan nata da take yi idan hujja ta ƙare.

A zama na biyu Injiniya ya zo da baƙin tabarau da biro uku a aljihun gaba. Ya zagaya da wayarsa yana nuna wa kowa hotunan wasu gine-gine masu walƙiya da ban san a wace duniya suke ba. Ya ce kwana ɗaya zai yi. Ya ce fitilar da zai sa ma ba fara kawai ba ce, mai canza launi ce, da ɗan rimot ɗinta. Ina kallon Ciyaman lokacin da aka ce rimot, idonsa ya yi wani ƙyalli. Mai kemis, wadda ita ce mai ɗan hankali a cikinmu, ta tambayi batun waya mai kauri da taransifoma huɗu. Injiniya ya yi murmushin tausayi ya ce wannan tsohon yayi ne, fitilun yanzu da wayonsu ake ƙera su.

Sai kowa ya juyo ya dube ni. Na ce ai tun yana yaro yake taɓa kayan wuta. Ban yi ƙarya ba. Babu abin wuta a gidanmu da bai taɓa ba.

Da aka gaya wa Baba Mai wayarin an ba wani aikin, cewa ya yi Allah ya ba da sa'a, ya sa tef ɗinsa a aljihu ya tafi.

Ranar aiki Injiniya ya iso ƙarfe goma sha ɗaya, ba tsani, ba filaya, ba komai sai jakar leda cike da naɗin fitila. Ya ari tsani a wurin Mai aski, maƙwabcina na jikin bango. Ya ari kujerata ya ɗora jakar. Ina cikin ɗauko ma wata kwastoma kayanta sai na ji wani ƙaras-ƙaras, na leƙo na tarar da almakashina na yankan yadi a hannunsa, yana datse fitila da shi. Almakashin da ko takarda ba na bari a yanka da shi. Na fizge, na ce in ya sake taɓa shi sai na yanke masa kunne da shi. Ya ce haba Yaya, a gaban mutane.

Ko goge ƙarfen bai yi ba. Ya ɓare takardar bayan fitilar ya dinga mannawa a kan datti da yanar gizo-gizo, yana danna ta da babban yatsa yana fito. Inda naɗi ɗaya ya ƙare sai ya murɗa wayoyinsa da na gaba da haƙori ya naɗe da salatif. A jikin fitilar akwai 'yan alamomi inda aka yarda a yanka, shi kuwa inda hannunsa ya tsaya nan yake yankawa, har sai da Mai kemis ta nuna masa. Ya ce ya sani, gwada ta yake yi. Taransifoma guda ɗaya tal, kamar akwatin sabulu, ya kai ta shagon Ciyaman ya ɗora a kan kantar shagon, domin Ciyaman ya ce makunni a wurin shugaba ya kamata ya zauna.

Da rana ta faɗi muka taru a bakin titi. Ciyaman ya fito da rimot a hannu, ya yi gyaran murya, ya yi 'yar magana a kan ci gaba, sannan ya danna.

Gaskiya shagonsa ya haskaka. Katifun nan suka yi fari tas kamar an wanke su da madara. Shago na biyu da na uku ma haka. Daga na biyar farin ya fara sirkawa. A na takwas ya koma launin ruwan shayi. Da ido ya gangaro ƙarshen jere, wurin Mai aski da ni, abin da ya rage wani ja ne mai duhu, kamar garwashin da aka bari ya kusa mutuwa. Ƙofar shagona ta yi kama da bakin murhu.

Mai aski ne ya fara magana, ya ce to Anti, daga yau sai ki fara gasa nama, wuta ta riga ta kamu.

Na ja Injiniya gefe.

"Me ke nan?"

"Tsari ne, Yaya. Haka ake yi yanzu, haske ya dinga sauka a hankali. Ke ba ki san kwalliya ba."

"Ni da nake ɗinki ban san kwalliya ba?"

"To ki ba ta mako ɗaya. Sabuwa ce, wutar ba ta saba da hanya ba."

Na je wurin Ciyaman, ya ce shi dai daga inda yake tsaye bai ga wata matsala ba. Haka ne kuwa. Daga inda yake tsaye babu.

Na ba ta mako ɗaya, wuta ba ta saba da hanya ba. Ni da yamma mutane ke zuwa karɓar ɗinki in sun taso daga aiki, kuma a bakin ƙofa suke warware kaya su duba. Wata malamar makaranta da na ɗinka wa koriyar riga ta ɗaga ta a ƙarƙashin jan hasken nan, ta ce wannan ba yadinta ba ne, ita ba ta kawo baƙi ba. Sai da na ja ta ciki na haska mata da waya sannan ta yarda, kuma ko a lokacin tana yi mini kallon wadda ta yi mata musanya. Ciyaman kuma ya sami abin wasa. Yana zaune a kan katifar talla yana danna rimot. In ya sa ja, duk jere ya yi ja, mu huta da bambanci. In ya sa shuɗi ko kore, daga shago na tara zuwa nawa sai duhu, domin waɗannan launukan ba sa kaiwa ƙarshen hanya. Akwai ranar da ya gano maɓallin da ke sa ta rawa, ja, kore, shuɗi, ja, kore, shuɗi, har Mai kemis ta aika masa cewa masu ciwon kai ne ke zuwa wurinta, ya ji tsoron Allah.

A mako na biyu gam ya fara saki. Rana ta dafa kwano, fitila ta fara zazzagowa tana yin ciki kamar igiyar shanya. A gaban kemis ta sauko har ta tuɓe wa wani dogon mutum hula. Aka kira Injiniya. Ya zo ya shiga shagona ina wurin cin abinci, ya kwashi ragowar ƙyallayen da nake tarawa a kwando, ya yayyaga, ya bi rumfar yana ɗaure fitilar da su a jikin ƙarfe. Na dawo na tarar da mita arba'in na tsummokarana suna lilo a iska, masu fure, masu zane, har da ragowar labulen wani. Duk wanda ya wuce ya san daga wane shago suka fito. Mai aski ya ce an gode, yanzu an san wa ya ɗauki nauyin aikin.

Abin da ya kawo ƙarshensa wari ne. Wata yamma fitilar ta fara ƙiftawa ba tare da an taɓa rimot ba, sai Ciyaman ya ji ƙaurin roba. Ya kai hannu kan taransifomar ya janye da sauri. Gindinta ya narke ya manne da kantar shagon, kuma taku biyu daga nan katifun soso ne a jere har rufi. Ban taɓa sanin mutumin nan yana da gudu ba. Ya fizge waya daga soket, ya fito titi ba takalmi, ya miƙe kai tsaye zuwa ƙarshen jere, karo na farko a wata biyu da ƙafarsa ta tako ƙofata.

Ya ce ƙanena ya so ya ƙone shi da dukiyarsa. Ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta ba, don girmana ya yarda. Sauran suka taru a bayansa suna gyaɗa kai, har da waɗanda suka yi ta tafi ranar da aka ambaci rimot. Na buɗe baki in tuna musu, sai na tuna abin da ni ma na faɗa a taron, na rufe bakina.

Wayar Injiniya a kashe. Mama ta ce zazzaɓi yake yi, ta ce kuma ita ta san hassada in ta gan ta, mutane ba sa son ganin yaro ya taso.

Da safe na tafi wurin Baba Mai wayarin. Ɗan ɗaki ne a bayan layin masu kayan gini, bango duk ƙusoshi, kowace ƙusa da naɗin wayarta, sukuru a cikin gwangwanaye an rubuta girman kowanne a jiki. Na same shi yana gyaran fankar wani. Na gaishe shi na durƙusa, na fara dogon bayani, ya bar ni na kai ƙarshe yana ta aikinsa. Da ma faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, ko ƙarshen ya yi ja. Na ce ya yi. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa yau Talata.

"Zan zo, 'yata," ya ce. "Amma gwiwata ba ta kankarar gam. Wanda ya manna shi zai ɓare."

Daga nan gidan Mama na wuce. Mai zazzaɓi na zaune a kan gado yana kallon ƙwallo a waya, da faranti a cinya. Matarsa ta gan ni ta ɗauki ƙaramin ɗansu ta fita tsakar gida, ita ta san abin da ke tafe. Na ce ya tashi. Ya ce ai shi ba lebura ba ne. Na ce masa in bai bi ni yanzu ba, zan ɗauko Ciyaman da mutum goma su zo su gaida mara lafiya har cikin ɗaki. Mama ta fara tari a bakin ƙofa. Na ce mata akwai maganin tari mai kyau a kemis ɗinmu, in mai kemis ɗin tana amsa gaisuwata zan karɓo mata. Ban taɓa mayar wa Mama magana ba sai ranar, kuma sai da ta yi mako biyu tana ba ni amsa da kalma ɗaya-ɗaya.

Kwana biyu Injiniya ya yi a kan tsani da wuƙar kankara da tsumma, yana kwance ƙyallayena yana goge gam. Baba na ƙasa a kan kujera yana yanka fitila a kan alamominta, yana haɗa wayoyi da dalma, yana gwada kowace gunduwa kafin ta hau sama. Kusan rabin tsohuwar fitilar ya ce a zubar a sayo wata, wajen farko ya ƙone, wajen murɗe-murɗen ya yi tsatsa. In ƙanena ya bar wani wuri da datti, sai Baba ya nuna da sukurudireba, shi kuma ya koma yana ƙunƙuni. Amma da zarar wani ya tsaya kallo sai ya gyara tabarau ya fara nuna sama da hannu, yana cewa ya kawo dattijon ne ya taya shi, don aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Baba yana ji. Ya ci gaba da narka dalmarsa.

Kwana shida aka yi, ba biyar ba, saboda kwararon alminiyam bai isa ba sai da aka ƙaro. Baba ya ɗaure shi da sukuru kowane taku ɗaya, ya kwantar da fitila a ciki ya rufe da farin murfi. Waya mai kauri ta bi bayan ƙarfe ba a ganinta. Taransifoma huɗu kowace a akwatinta na ƙarfe, a sama inda iska ke ratsawa, babu ko ɗaya kusa da katifa. Fitilar yanzu fara ce zalla, ba ta canza launi. Ciyaman ya tambayi rimot, Baba ya ce babu, makunni ne guda a jikin ginshiƙin tsakiya, wanda ya ga duhu ya fara ya kunna.

Mai kemis ce ta kunna. Haske ɗaya daga katifu har zuwa indararo, ba inda ya fi wani. Na fito da wani shuɗin yadi bakin ƙofa na warware, ya fito shuɗi. Na tsaya ina kallonsa kamar wata sakarya.

Ciyaman ya yi jawabi. Ya ce abin da ya sa ya dage tun ranar farko a ba ƙwararre aikin ke nan, shugabanci yana bukatar hangen nesa. Aka tafa masa. Baba lokacin yana naɗe ragowar waya, ko ɗago kai bai yi ba. Injiniya kuwa yana tsallaken titi yana ɗaukar rumfar hoto ta kowace kusurwa, wani da shi a ciki, hannu a ƙirji.

Bayan wata guda ya shigo shagona da sabon takalmi. Ya ce wani mai gidan abinci ya ga hotunan aikinsa ya kira shi, rumfa ce ta mita sittin, har ta sha kwana. Ya zauna a kujerar kwastoma ya miƙe ƙafa, sannan ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, ko tsohon nan yana da wani aiki a mako mai zuwa, don yana neman wanda zai riƙa miƙo masa kaya.

Na ce ɗakin Baba na bayan layin masu kayan gini, ya je ya tambaye shi da bakinsa. Ya ce ai ni na fi sabawa da shi. Na taka keke na ci gaba da ɗinkina. Ya zauna kusan rabin awa yana danna waya, ya tambaya ko akwai ruwan sanyi, na nuna masa randa. Ya sha, ya bar mini kofin a kan yadin mutane, ya fita.